Yaron da Ba Ya Cikin Rajista

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Minjibir, daga Wasai zuwa Kunya, daga Kantama zuwa Gandurwawa, har Sarbi da Azore.

Yau da hedimastocin firamare zan yi magana. Amma iyaye, kada ku juya tasha, don zancen 'ya'yanku ne. Masu unguwanni da dagatai, ku ma ku matso, akwai rabonku a ciki.

Zancen yara masu buƙata ta musamman ne. Yaron da ba ya gani, ko ganinsa ya raunana. Yarinyar da ba ta ji. Wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa. Mai farfaɗiya. Zabiya, wanda rana ke ƙona wa fata, allo kuma yake yi masa hazo. Da wanda fahimtarsa ke zuwa a hankali. Wa zai koyar da su? Daga ina malamin zai fito? Shi kuma hedimasta, mene ne nasa a ciki?

Zan faɗi matsayata tun da wuri, don kada in yi ta zagaye da ku. Yaron da ba a rubuta sunansa ba, ba za a turo masa malami ba. Aikin hedimasta daga rajista yake farawa. Hedimastoci da yawa suna zaune suna jiran ƙwararre ya zo daga Kano. Shi kuwa ƙwararren ba zai taso ba, sai takarda ta kira shi.

To, mu fara da abin da doka ta ce, don kada wani ya ɗauka alfarma ake roƙo. A shekarar 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya a Najeriya. Ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne, ga kowane yaro. Ba ta cire makaho ba. Ba ta cire kurma ba. Sannan a watan Janairun 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci. A cikinta akwai wani sashe da ya kamata kowane hedimasta ya haddace. Ya ce kowace makarantar gwamnati ta karɓi masu nakasa. Ya ce kuma ta kasance tana da aƙalla mutum ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Aƙalla mutum ɗaya, masu sauraro. Dokar ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika tun farkon 2024.

Jihar Kano ma tana da tata dokar ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ke nan ta wajen doka ba a bar mu da komai ba. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya abin da aka rubuta a Abuja da Kano zai iso ajin da ke bakin gonar gero a Kwarkiya?

Nan nake so mu tsaya mu duba yadda malami ke zuwa makaranta. Hedimasta ba ya ɗaukar malami aiki. Ba shi da wannan iko. Hukumar SUBEB ce a Kano ke kula da sha'anin malaman firamare. Ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne ke rarraba su makarantu. Waɗannan ofisoshi kuwa ba yara suke gani da ido ba. Alƙaluma suke gani.

Kowace shekara ana kawo wa hedimasta fom ɗin ƙidayar makarantu. A cikinsa akwai gurbin yara masu buƙata ta musamman. Masu lalurar ido nawa ne, masu lalurar ji nawa, masu lalurar ƙafa ko hannu nawa. Mu ɗauka Malam yana cikin sauri, ana jiran fom ɗin yau. Ya zo wannan gurbi, ya rubuta sifiri, ya wuce. Sifirin nan zai tafi ofishin sakatare. Can zai tarar da sifirin makarantar gaba, su rankaya Kano tare. Ranar da aka zauna rabon malamai da kayan aiki, sai a duba a ce wannan yanki ba shi da buƙata. To wa za a ga laifinsa?

Kuma sifirin nan gaskiya ne? Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya san amsa. Manyanmu ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sanƙarau kuwa idan ya bar yaro da rai, sau da yawa yakan tafi da jinsa, kuma har yanzu yana leƙo mu lokacin zafi. Ƙyanda tana taɓa ido, tana taɓa kunne. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ba a kai shi asibiti ba, ƙarshensa jin ya ragu. Doguwar naƙuda a gida tana iya barin jariri da lalurar ƙwaƙwalwa. Shan inna ta daɗe a jihar nan kafin a ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020. Garin da duk waɗannan suka ratsa, a ce babu yaro ko ɗaya mai lalura? Yaran suna nan. Rubuta su ne ba a yi ba.

Yanzu bari mu raba su gida biyu. Akwai waɗanda suke cikin aji ba a gane su ba. Akwai kuma waɗanda suke gida ba a kawo su ba.

Mu ɗauki na cikin aji tukuna, don su ne suka fi ba ni tausayi. Malam, ka san yaron nan da kullum yake juyo da kunne ɗaya idan kana magana? Ka san wadda ba ta kwafa daga allo, sai daga littafin ta kusa da ita? Ka san wanda yake ƙanƙance ido, yana kai littafi har bakin hanci? Su ne ake kira daƙiƙai. Su ne ake cewa masu taurin kai. An kira sunansa bai amsa ba, sai bulala. Alhali bai ji ba ne. Shekara ɗaya, shekara biyu, sai ya gaji da duka ya koma kiwon awaki. Sai a ce dama ba shi da kan karatu.

Gano irin waɗannan ba ya buƙatar na'ura. Safiya ɗaya ta isa a fara. Malamin aji ya rubuta haruffa a allo, manya da ƙanana. Kowane yaro ya tsaya a ƙarshen aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta, ya rufe ɗayan ya karanta. Sannan malam ya tsaya a bayan yaro, ya faɗi kalma a hankali, yaron ya maimaita. Wannan ba gwajin likita ba ne, kuma kada malami ya mai da kansa likita. Alama kawai ake nema. Wanda aka ga alama a tare da shi, a kira mahaifinsa, a ce ya kai shi babban asibitin Minjibir. Idan abin ya fi ƙarfin nan, Kano ba nisa. Ga asibitin ido na ECWA. Ga asibitin ƙashi na Dala. Ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake duba kunne da hanci da maƙogwaro. Wani yaron tabarau kawai yake buƙata. Wani a wanke masa kunne a ba shi magani. Shi ke nan, wanda ake kira daƙiƙi sai ga shi yana ɗaga hannu.

Sai na gida. Su hedimasta ba zai same su daga kan kujerarsa ba. Dole ya fita. Amma ba shi kaɗai zai yi ba. Mai unguwa ya san kowane gida. Liman ya san yaron da aka raɗa wa suna shekara bakwai da suka wuce, har yau ba a gan shi da jaka ba. Ungozoma ta san haihuwar da ta zo da wahala. Matan kwamitin kula da makaranta suna shiga inda namiji ba ya shiga, su zauna a tsakar gida su ga yarinyar da ake ɓoyewa a ɗaki idan baƙi sun zo. Mun ga shekarun da masu rigakafi suke bin gida gida, suna rubutu da alli a jikin bango, ba su tsallake ko zaure ɗaya. Idan an iya yin haka don ɗigon polio, ana iya yi don rajistar makaranta.

Me za a rubuta? Sunan yaro, da shekarunsa, da unguwarsu. Irin lalurar da aka gani. Yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa, in ba ya zuwa me ya hana. Tazarar gidansu da makaranta. Amma a kula, wannan littafi amana ne. Ba a karanta shi a taron safe. Ba a barin sa a kan tebur kowa ya buɗa. Hedimasta ya kai kwafi ofishin sakataren ilimi, ya sa a buga masa hatimi a nasa kwafin, ya adana. Ranar da zai nemi malami, ba da baki zai je ba, da shaida zai je. Na ce muku, yaron da ba a rubuta sunansa ba, ba za a turo masa malami ba.

To, an rubuta. Kafin a turo wani, me hedimasta zai yi da malaman da ke hannunsa? Nan ma akwai abin da ke cikin ikonsa, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Ya zaɓi malami ɗaya, ya ambaci sunansa a taron malamai, ya ce wane, kai ne mai kula da waɗannan yara. A rubuta a littafin taro. Idan aka ce duk malamai su kula, ranar da yaro ya daina zuwa babu wanda za a tambaya. Wa za a zaɓa? A nan ne ake yawan kuskure. Wani hedimastan sai ya duba malamin da ya fi ba shi ciwon kai, ko wanda ba ya iya riƙe aji, ya ce to kai je ka can. Wannan horo ne aka yi wa malamin, yaran kuma aka zalunce su. A nemi mai haƙuri. A nemi wanda yake zaune a garin ko kusa, ba wanda yake tasowa daga birni kullum yana isowa bayan an tashi tara ba. A rage masa darasi a jadawali, ko da kaɗan ne, don ya sami lokacin zama da yaro ɗaya ɗaya da lokacin leƙa gidajensu. Idan makarantar tana da malama, a haɗa su tare. Yarinya mai lalura da ta fara girma tana da larurorin da ba za ta faɗa wa namiji ba.

Kuma, malamaina, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Idan takardar bita ta zo a kan koyar da masu buƙata ta musamman, wannan malamin za a tura. Ba aboki ba. Ba wanda yake bin layin alawus ba. Mun san yadda ake yi. Bana a tura wane, baɗi a tura wane, don kowa ya ɗanɗana. Ƙarshenta mutum biyar sun je bita, babu ɗaya da ya iya gaida kurma da hannu.

Abu na gaba, hedimasta ya buɗe fayil ɗin malamansa ya karanta. Jami'ar Bayero tana da sashe guda na ilimin masu buƙata ta musamman, kuma ta daɗe tana yaye ɗalibai. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya a garin Oyo, wadda aka kafa a 1977 don wannan fanni. Jami'ar Jos ma tana koyar da shi. Ina waɗanda suka gama suke? Ba abin mamaki ba ne a tarar da wanda ya iya rubutun makafi yana koyar da lissafi a aji huɗu, a makarantar da babu makaho, alhali a garin gaba akwai yara biyu da ba sa gani suna zaune a gida. Wanda ya gano irin wannan malami a makarantarsa, ya sanar da sakataren ilimi. Wanda kuma yake da yara ba shi da malami, ya nema a rubuce. Sannan idan guguwar canjin wurin aiki ta taso, hedimasta ya yi magana. Kada a ɗauke malamin da yara kurame suka saba da hannunsa a tsakiyar zango, sai an kawo madadinsa.

Yanzu ga shawarar da nake so sakataren ilimi da shugaban ƙaramar hukuma su ji. Doka ta ce kowace makaranta ta sami ƙwararre ɗaya. Gaskiya ba za a cim ma wannan bana ba, ba kuma baɗi ba. Amma ƙasar Minjibir tana da wata baiwa. Garuruwanta a manne suke da juna. Kana fita daga wannan ƙauye, ka ratsa gonaki kaɗan, sai ga rufin kwanon makarantar gaba. Ba irin dajin da za ka yi tafiyar yini ba ka ga gida ba. Saboda haka malami ɗaya ƙwararre, idan aka ba shi babur da kuɗin mai, zai iya zagaya makarantun mazaɓa guda a cikin mako. Litinin yana nan, Talata yana can. Ya zauna da yaro, ya nuna wa malamin aji yadda zai ci gaba, ya dawo mako mai zuwa ya duba. Mazaɓu 11 ne a ƙaramar hukumar nan. Malamai 11 ke nan don farawa. Wannan buƙata ce da za a iya ɗauka a kai Kano ba tare da an yi wa mutum dariya ba. Amma hedimastocin mazaɓa ɗaya sai sun haɗa alƙalumansu wuri guda, sun sa hannu tare.

Na san wani malami yana saurare yana girgiza kai. Yana cewa, mai sharhi, ka taɓa tsayawa gaban aji kuwa? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, a makarantun masu buƙata ta musamman kuma ɗaya ga 10. Ni kuwa ajina ya haura ɗari. Babu benci, alli ma wani lokaci daga aljihuna nake saya. Yanzu kuma ka ce in ƙara da kurma?

Malam, maganarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Kuma zan ƙara maka da wata. Tun taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994, duniya ta karkata ga cewa yara masu lalura su yi karatu tare da sauran yara a makarantar garinsu. Manufa ce mai kyau, Najeriya ma ta rungume ta. Amma ni ban yarda cewa zaunar da yaro a aji shi ne koyar da shi ba. Yaron da ba ya ji ko kaɗan, a sa shi cikin yara ɗari, malam yana ta magana ya juya baya yana rubutu, me ya samu? Shekara shida yana kallon baki yana motsi. An rubuta shi a rajista, amma ba a yi masa komai ba.

Shi ya sa hedimasta yake buƙatar ya rarrabe. Yawancin yaran da muke zance a kansu za su iya karatu a makarantar garinsu da ɗan gyara kaɗan. Mai keke, mai raunin gani, mai raunin ji, zabiya, mai farfaɗiya, mai jinkirin fahimta. Amma wanda ba ya ji sam, ko ba ya gani sam, yana buƙatar wanda ya iya maganar hannu ko rubutun makafi mai ɗigo shida. Ga irinsu akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana koyar da kurame da makafi. Aikin hedimasta ne ya san hanyar shiga can, ya rubuta wa uba takarda, in ta kama ya raka shi. Sai dai makaranta ɗaya ba za ta ɗauke jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba. Kuma uwa a Tsakuwa ba lalle ta saki 'yarta mai shekara bakwai, wadda ba ta ji ba ta magana, ta tafi kwana a birni ba. Ni ban ga laifinta ba. Mafita ta tsakiya ita ce a ware aji ɗaya a wata babbar firamare a cikin ƙaramar hukumar, a tara yaran kurame na kusa, a ba su malaminsu. Su yi darasi a ajinsu, su yi wasa da sauran yara a fili ɗaya, da yamma su kwana a ɗakin uwarsu.

Bari in ɗan ratse a nan. Kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu na hannu tun kafin zuwan boko. Ku je kasuwa ku gani, ciniki suke yi, har da barkwanci. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarin wannan yare, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Wanda ake koyarwa a makarantu kuwa ya samo asali ne daga na Amurka. To, kafin ƙwararre ya iso, a garinku babu wani dattijo kurma, tela ko kafinta ko manomi, mai mutunci, wanda ya iya maganar hannu? Kwamitin makaranta ya gayyace shi. Ya riƙa zuwa yana zama da yaran da malaminsu, a ɗan ba shi na goro. Yaro kurma yana buƙatar yare tun yana ƙarami. Kowace shekara da ta wuce ba shi da shi, wahalar koyo tana ƙaruwa.

Mu koma kan ƙananan gyare-gyare, waɗanda ba sa jiran kasafin kuɗi. Mai raunin ji ya zauna gaba, malam ya riƙa fuskantarsa idan yana magana. Zabiya ya zauna kusa da allo, nesa da hasken taga, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu, kuma kada a tsayar da shi a rana. A yi rubutu manya. Ajin da mai keke yake, a yi masa gangara a bakin ƙofa. 'Yan buhunan siminti ne da magini ɗaya, kwamitin makaranta zai iya. A duba banɗaki. Sau da yawa ba karatu ne ke korar yarinya mai lalurar ƙafa ba, banɗakin da sai ta ja jiki a ƙasa kafin ta shiga shi ne. Hanya kuma, da rani yashi yana riƙe keke, da damina taɓo. A haɗa yaron da 'yan unguwarsu biyu ko uku su riƙa tahowa tare.

Farfaɗiya kuwa, malamai ku ji da kyau. Ba a ɗaukarta. Yawun mai ita ba ya sa wa kowa. Idan ta tashi wa yaro a aji, a kawar da benci da duk abin da zai ji masa rauni. A sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa. Idan jijjigar ta lafa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa. In ta daɗe ba ta sake shi ba, a garzaya asibiti. Kuma akwai maganin da ke hana ta tashi idan ana sha a kan ƙa'ida. Yadda malam ya yi a ranar, haka yara za su koya. In ya gudu, sun guje shi ke nan har abada.

Sai tsokana. Hedimasta ya tsaya a taron safe ya ce a makarantar nan kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa za a kira shi. Ya fara da malamai, don wani lokacin daga bakinsu laƙabin yake fitowa.

Kuɗi fa? A cikin asusun hukumar UBEC ta tarayya akwai kashi biyu cikin ɗari da aka ware don ilimin masu buƙata ta musamman, kuma ta hannun hukumomin jihohi yake bi. Ba shi da yawa. Amma ɗan abin da ke akwai, wurin wanda ya kawo sunaye zai tafi. Dokar masu nakasa ta 2019 ɗin nan kuma ta ce a ware wa masu nakasa aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Idan ana ɗaukar malamai, a tuna da masu NCE a cikinsu. Ranar da uba ya ga malami makaho ko mai keke yana karɓar albashi a makarantar garinsu, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Iyaye, yanzu na zo kanku. Na san abin da ake faɗa. Ana cewa wannan ai Allah ya riga ya yanke masa, me boko zai ƙara masa? Wani kuma lissafin bara yake yi, ranar kasuwa a tura yaro da ɗan jagora. Ku tuna, makarantar allo ba ta taɓa korar makaho ba. Garuruwanmu cike suke da mahaddata waɗanda ba su taɓa ganin tawada ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an sha bar masa riƙon Madina. A kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, lokacin da ya zo neman ilimi. A nan kusa, Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ya yi waƙoƙin Imfiraji da har yau ake karanta su a jami'a. Abin da alaramma ya karɓa a tsangaya, ba hujjar da za ta sa a hana hedimasta ganinsa.

Masu sauraro, lokaci ya ja. Malam hedimasta, a makon nan ka ware littafi ɗaya sabo, ka kira mai unguwa da matan kwamiti, ku sa ranar fita. Ka ambaci sunan malamin da zai riƙe aikin kafin Juma'a. Uwa, ke da kike da yaro a ɗaki, gobe da safe ki sa a kai shi wurin hedimasta, ko da ba ki da tabbacin za a iya koyar da shi a nan. A rubuta sunansa tukuna, sannan a zauna a duba inda ya dace da shi. In an ce babu wuri, ki gaya wa mai unguwa ya raka mahaifinsa ofishin sakataren ilimi a Minjibir.